Bargon ado mai zanen masu fasaha: abin da na gani bayan hunturu biyu

Na daɗe ina ganin irin waɗannan barguna a hotunan gidajen Amurka da Turai, an yafa su a hannun kujera ko an rataye su a bango, kafin in yi tunanin mallakar nawa. Abin da ya fara jan hankalina shi ne kowannensu yana zuwa da sunan wanda ya zana shi, kamar yadda littafi yake zuwa da sunan marubucinsa, alhali bargunan da muka saba saya a Kantin Kwari idan sanyi ya ƙarato babu mai tambayar hannun wa ya fitar da furen da ke jikinsu. Ƙanana ne idan aka gwada su da bargon gado, suna da geza a gefuna, kuma domin falo aka yi su, mutum ya rufe ƙafafunsa da yamma, idan ya tashi ya mayar da shi kan kujera ya ci gaba da zama ado. Biyu na saya, tsakaninsu wata bakwai. Na farkon bai yi mako guda a falona ba, na biyun kuwa ya ga hunturu biyu kuma har yau yana nan inda na fara ajiye shi, don haka ina ganin na san su sanin da zai ishe ni in gaya wa mai niyyar saye abin da zai tarar.

Zan fara da wanda bai yi mini ba, domin ramin da na faɗa yana nan a buɗe ga duk mai saye ta intanet. A wani shago na gan shi, hotonsa ya yi kyau matuƙa, ga geza, ga layukan zare kamar za a iya ƙirga su, kuma farashinsa bai kai rabin na sauran ba. Na biya aka kai wa ƙanena da ke karatu a Amurka, ya taho mini da shi a jakarsa lokacin hutu. Tun kafin in warware shi na san akwai magana, saboda ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma yana sulɓi a hannu irin na yadin roba. Da na juya bayansa sai na tarar da shi fari fat, babu ko ɗigon launi. Gezar ma ɗinka ta aka yi daga baya da keke. Layukan zaren da na gani a hoto ashe su ma zana su aka yi, wato an buga hoton saƙa ne a kan yadin da ba a saƙa masa zane ba. Da na koma shafin na karanta a natse, can ƙasa cikin ƙananan haruffa an rubuta cewa foliyesta ne, wato yadin roba, amma sunan da aka ba shi a sama da yadda aka ɗauki hotonsa duk sun karkata ga nuna shi a matsayin saƙaƙƙe.

Yadda ake yin irinsa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ana buga zanen a takarda da wata tawada ta musamman, a ɗora takardar a kan yadin, a danne su da ƙarfe mai zafin da ya kai kusan digiri 200, sai tawadar ta koma tururi ta shige cikin zaren robar ta zauna. Dabarar ba ta kama auduga yadda ya kamata, shi ya sa kusan duk bugaggen bargo irin wannan na roba ne. Ba zan zalunce shi ba: launinsa ya fito rangaɗau kamar yadda yake a fuskar waya, kuma idan an wanke shi nan da nan yake bushewa. Sai dai yana riƙe zufa, kuma a bushewar iskar hunturu yana ƙyas-ƙyas da tartsatsi a jiki duk lokacin da aka ja shi. Ga wanda yake neman abin da zai ƙawata falo, daga bakin ƙofa ma ana gane cewa yadi ne kawai aka buga wa hoto. Ɗakin yara ya koma, kuma a can ya samu aikin da ya dace da shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan wannan kaya maganar ta zauna daram.

A karo na biyu ban biya ko sisi ba sai da na aika wa masu shagon tambayoyi uku: da wane zare aka yi shi, a ina aka saƙa shi, kuma wane ne ya zana shi. Ƙaramin shago ne a Amurka da ke aiki da masu zane kai tsaye, kuma washegari suka ba ni amsa ba tare da kwana-kwana ba. Auduga ce zalla, an saƙa shi a jihar Karolina ta Arewa, wadda ta daɗe da suna a masaƙun auduga, sannan suka ba ni sunan matar da ta yi zanen da shafin da take nuna sauran ayyukanta. Girmansa inci 54 a faɗi da 70 a tsawo, wato kimanin santimita 137 da 178. Akwai kuma girma biyu da aka fi samu a kasuwa, inci 50 da 60 da kuma inci 60 da 80, kuma yana da kyau mai saye ya ɗauki awo ya gwada a kujerarsa tukuna, domin a hoto duk ɗaya suke.

Ranar da ya iso, nauyinsa na fara ji, domin ya haura kilo ɗaya. Zanen tukwane ne uku a jere, masu ruwan ƙasa, a ƙarƙashin wata babbar rana mai ruwan goro, ga manyan ganyaye shuɗɗa suna leƙowa daga gefe, filin kuma fari ne mai ɗan duhu kamar na alawayyon da ba a wanke ba. Daga nesa ido yana ganin launi ɗaya shimfiɗe. Da na kai shi bakin taga na kusanto da fuskata sai launin ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo na zare: cikin ranar nan mai ruwan goro akwai ja da rawaya suna hawa kan juna, cikin ruwan ƙasar tukwanen akwai ja da kore da baƙi, har cikin farin filin akwai ɗan rawaya da ke leƙowa jefi-jefi. Gezar ita ce ta tona asirin komai, domin a gefe biyu ta fito da launuka shida a cakuɗe, ja da shuɗi da kore da rawaya da baƙi da fari, a sauran gefe biyun kuma baƙi da fari kawai. Waɗannan su ne duk zaruruwan da ke cikin bargon, kuma daga gare su aka haɗa duk wani launi da ido yake gani. Bayansa kuwa zanen nan ne dai, amma launukan sun juye, ranar ta koma shuɗi-shuɗi, filin ya yi duhu.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi saƙa a ƙuruciyarsa a ƙasar Minjibir kafin ya koma kasuwanci, kuma ranar da ya zo gaishe mu na miƙa masa bargon ban ce komai ba. Bai dubi zanen ba sam. Ya shimfiɗa shi a cinyarsa, ya riƙa bin sa da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, yana laluben wani abu.

"Ina aka haɗa shi?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, ba a haɗa ba, faɗinsa ke nan tun daga masaƙa."

Ya girgiza kai, domin a saƙar da ya sani sirara-sirara ake fitar da ita, sannan a jera a ɗinke kafin ta zama gwado. Ya juya bayan, ya ɗaga shi sama ta fuskar haske, ya ce, "Wannan saƙa ce ta gaskiya, 'yar nan. Dubi, abin da ya ɓuya a gaba shi ne ya fito a baya, rini ba ya yin haka." Sai ya sa farce a ƙarƙashin wani zare a cikin ganyen shuɗin, zaren ya ɗago cikin sauƙi, ya ƙara da cewa, "Amma ki kula da shi, zaren yana tsallake 'yan uwansa da yawa kafin ya nutse. Duk abin da ke da baki zai kama shi." A cikin minti biyar ya faɗi mafi girman kyan bargon da mafi girman aibinsa, kuma shekara biyun da suka biyo baya ba su ƙaryata shi a ko ɗaya ba.

Abin da ya sa ake iya saƙa hoto sukutum haka ya samo asali ne daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda Joseph Marie Jacquard ya fito da na'urarsa a 1804, bayan wasu irin su Basile Bouchon a 1725 da Jacques de Vaucanson a 1745 sun share fage. A masaƙar da kawu ya sani, masaƙi yana taka ƙafa zaruruwan tsaye su rabu gida biyu, rabi su yi sama rabi su yi ƙasa, ya jefa ƙoshiya ta ratsa tsakaninsu, shi ya sa ratsi da dara-dara suka fi sauƙin fitowa. Na'urar Jacquard ta ba zaruruwan tsaye ƙugiyoyi daban-daban, aka jera kati masu huji suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowane kati yana zaɓar zaruruwan da za su ɗaga a jifa guda na ƙoshiya. A 1839 an saƙa hoton shi Jacquard ɗin da siliki, aikin da ya ci kati dubu 24, kuma Charles Babbage, wanda ake lissafawa cikin kakannin kwamfuta, ya mallaki ɗaya daga cikin irin hotunan, ya kuma ɗauki dabarar katin a tsarin na'urar lissafinsa. Yau kwamfuta ce ta maye gurbin katin. Ana aika zanen a matsayin fayil, wata manhaja ta mayar da kowane ɗigo na hoton umarnin wane zare zai hau wane zai sauka, kuma wannan ne ya sa ƙaramin shago zai iya sa a saƙa masa barguna 'yan kaɗan na zane ɗaya ba tare da ya karye ba.

Wannan bayani yana da amfani ga mai saye kai tsaye, domin daga gare shi ne ake gane abin da bargon zai iya da abin da ba zai iya ba. Tunda zaruruwa shida ko kusan haka ne kawai a masaƙar, launin da ke fuskar waya ba zai taɓa fitowa daidai ba. Waya haske take fitarwa, zare kuwa hasken ɗaki yake jira, don haka komai yana ɗan dusashewa. A hoton da na gani kafin saye, akwai wani siririn layi mai ruwan hoda da ya kewaye bakin kowace tukunya, amma a bargon ya fito ne kamar ja mai toka-toka, kuma sai an nuna wa mutum kafin ya lura da shi. Launuka masu ƙarfi, ja da shuɗi mai duhu da baƙi da ruwan goro, su ne suke fitowa da kwarjini, masu laushi irin ruwan hoda da shuɗin sama da shunayya mara duhu kuwa suna wahala. Haka nan siraran layuka da ƙananan rubutu da inuwar da ke sauka a hankali daga haske zuwa duhu, duk suna dagulewa.

A nan ne nake ganin aikin mai zane yake fitowa fili, kuma a nan ne bargunan suke rabuwa da juna fiye da a farashi. Akwai zanen da aka yi shi domin takarda ko fuskar kwamfuta, daga baya aka tura shi masaƙa yadda yake, a kan bargo da kofi da riga da jakar waya duk lokaci guda. Akwai kuma zanen da mai shi ya san tun farko cewa da zare za a fitar da shi, ya yi manyan siffofi, ya rage launuka, ya bar fili ido ya huta. Matar da ta zana nawa tana cikin kashi na biyu, in ban da layin ruwan hodar nan. Gefen tukwanenta ba su miƙe sak ba, an bar su da ɗan karkacewar hannu, kuma saƙar ta ƙara musu kyau, saboda ƙananan matakalan da zare yake yi a kan lanƙwasa sun sa sun yi kama da tukwanen da aka gina da yumɓu. Shawarata ga mai zaɓe ita ce ya ƙanƙance idonsa ya dubi hoton, ko ya rage girmansa a waya har ya zama kamar kan sarki. Idan zanen ya ci gaba da fita sarai, zai yi kyau a zare. Ya kuma nemi shagon da ke nuna hoton bargon na ainihi, gaba da baya da geza, domin da yawa hoton da kwamfuta ta haɗa suke sawa. Kalmar da ake nema a bayanin kaya ita ce “woven”, wato saƙaƙƙe, ko “jacquard” tare da auduga, idan kuwa aka ga “printed” to bugagge ne ko da an yi masa geza.

Batun haƙƙin mai zanen ya dame ni fiye da yadda na zata kafin in fara bincike. A manyan kasuwannin intanet irin su Redbubble, da aka kafa a Ostareliya a 2006, mai zane yana ɗora aikinsa ne, kamfani ya yi kayan bayan an saya, a ba shi wani kaso daga kuɗin. Ƙananan shaguna kuwa sukan zaɓi mai zane su yi yarjejeniya da shi a kan zane guda. Matsalar tana wajen masu kwafe, waɗanda ke ɗaukar hoton bargon wani su buga shi a yadin roba su sayar da araha, mai zanen bai sani ba balle ya samu ko kwabo. Ina zargin bargona na farko daga irin wannan hanya ya fito, domin babu sunan kowa a jikinsa ko a shafinsa. A Amurka an daɗe ana wannan muhawara game da zane-zanen 'yan asalin ƙasar. Kamfanin Pendleton na jihar Oregon yana saƙa bargunan ulu masu irin waɗannan siffofi tun 1909, ita kuma gwamnati ta yi doka a 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba nasu ba ne. A birnin Seattle wani mai zane, Louie Gong, ya kafa kamfanin Eighth Generation, wanda ya fara fitar da bargunan ulu a 2015 da zanen 'yan asalin ƙasar da sunayensu, kuma a 2019 ƙabilar Snoqualmie ta saye kamfanin. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ga siffofin kente na Gana ko bogolan na Mali a kan kayan da aka yi a wata nahiya babu sunan kowa. Sunan mai zane a jikin bargo ba ya tabbatar da cewa an biya shi da kyau, amma rashin sunan kusan kullum alama ce mara daɗi, kuma ni yanzu ba na sayen wanda ba shi da shi.

Akwai abin da gidan Musulmi zai so ya duba tun kafin ya kai ga maganar zare. Da yawa daga cikin zane-zanen nan fuskokin mutane ne, ko dabbobi, ko jikin mace ba sutura, wasu kuma alamomin taurari ne da katunan duba, waɗanda suke da farin jini a can. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan hoton abu mai rai, kuma da dama daga cikinsu sun bambanta tsakanin wanda aka rataye a bango da wanda ake zama ko jingina a kansa, don haka wanda abin ya shige wa duhu ya tambayi malaminsa. Ni dai na zaɓi tukwane da ganye ne domin falo wuri ne da baƙo yakan shimfiɗa darduma ya yi salla, kuma ban sha wahalar samu ba, saboda zanen tsirrai da duwatsu da siffofin dara-dara suna da yawa.

Ta fuskar ɗumi, kada kowa ya saye shi da niyyar ya maye masa gurbin bargon gado. Auduga ce mai barin iska ta ratsa, kuma tsawonsa ba ya rufe babban mutum daga kafaɗa zuwa tafin ƙafa idan ya miƙe sosai. Da yammacin Disamba, ko da asuba bayan salla lokacin da ake zaune ana jiran shayi, yana yin daidai, yana da nauyin da ke kwantar da jiki ba tare da ya sa zufa ba. A tsakiyar daren Janairu kuwa, lokacin da sanyin Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, shi kaɗai ba ya isa. Inda ya ba ni mamaki shi ne da damina da kuma ɗakin da aka kunna na'urar sanyaya iska, domin a nan ya fi kowane mayafi da nake da shi daɗi. Da farko yana da ɗan kaushi a fata, sai bayan wanki na biyu ya yi laushi.

Gargaɗin kawu bai yi wata guda ba ya tabbata. Zoben wata baƙuwa ya kama zare a tsakiyar ranar, ya jawo shi waje kamar tsawon ɗan yatsa, layin da ke kewaye da wurin ya tattare. Bayan haka zik ɗin jakar makaranta ya yi nasa, ɗan kunne ma ya yi. Wanda yake da kyanwa a gida ya san da wannan tun da wuri. Gyaran ba shi da wuya idan aka yi haƙuri, amma kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne sa almakashi, domin zaren da aka yanke zai ci gaba da zamewa ya bar rami. Abin da nake yi shi ne in shimfiɗa bargon a ƙasa, in riƙa jan yadin a hankali ta dama da hagu na wurin har yawancin zaren ya koma mazauninsa, ragowar kuma in tura ta baya da allura mai babban ido. Sau biyar na yi haka zuwa yanzu, kuma wuri ɗaya ne kawai ake iya ganewa. Gezar ma tana buƙatar kulawa, domin ba a ɗaure take da ƙulli ba, wani layin ɗinki ne a gefe yake riƙe saƙar, kuma a wata kusurwa ya fara saki har sai da na bi shi da zare da allura. Wannan ne kaɗai wurin da nake ganin masaƙar ta yi sakaci, domin kaya mai wannan tsada bai kamata gefensa ya saki a shekarar farko ba.

Wanki da ruwan sanyi nake yi, a babban baho, da sabulu mara ƙarfi, ba na sa sinadarin da ke kashe launi, ba na kuma murɗe shi. A wankin farko ya zubar da ɓurɓushin auduga mai yawa har ruwan ya yi gashi-gashi, kuma ya ɗan tsuke kamar faɗin yatsa biyu a tsawonsa, daga nan bai ƙara ba. Launi kuwa bai zuba ba ko kaɗan, kuma farin filin bai ɗauki ja ko shuɗi ba. Idan ya jiƙe yana yin nauyi ƙwarai, don haka nake yafa shi a kan igiya biyu a inuwa, saboda igiya ɗaya tana sa ya miƙe ya karkace, rana kuma tana cin launin auduga a hankali. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zaruruwan ta kwanta, kuma farin fili yana nuna ta da wuri, shi ya sa nake kakkaɓe shi a tsakar gida duk bayan kwana biyu a wannan lokacin. Da na san haka da na zaɓi mai duhun fili.

Na gwada rataye shi a bango na tsawon wata biyu, kuma a nan ne zanen ya fi fitowa, domin daga nisan taku huɗu ko biyar ɗigo-ɗigon suna narkewa su zama launi ɗaya. Ƙusa biyu a kusurwa ba sa riƙe shi, tsakiyar tana lotsawa zaren kuma yana buɗewa a wurin ƙusar. Sai da kafinta ya yi mini siririn katako mai tsawon faɗin bargon, muka maƙale gefen sama a jikinsa da 'yan matsai a jere, sannan ya tsaya sak. Na sauke shi ne kawai domin na fi son amfani da shi.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Lokacin da na saya, a Amurka ana samun saƙaƙƙe na gaskiya daga ƙasa da dala 100, waɗanda ƙananan shaguna ke yi da masu zane kuwa sukan haura dala 200, kuma nawa yana cikin masu tsadar. Idan aka juya wannan zuwa naira, aka ƙara kuɗin aikowa da na kwastan ga wanda ba shi da mai taho masa da shi, za a ga ya ninka kuɗin bargon gado mai kyau sau da yawa. Saboda haka ba zan ce kowa ya saya ba. Wanda yake neman abin rufa, ko yake da ƙananan yara masu hawa kujera da abinci a hannu, kuɗinsa zai fi amfani a wani wuri. Wanda kuwa ya riga ya yi niyyar kashe kuɗi a kan abin da zai ƙawata falo, yana tunanin allon zane ko labule mai tsada, to wannan ya cancanci ya shiga lissafinsa, domin ana kallonsa ana kuma rufa da shi, kuma bayan shekara biyu na amfani da wanki nawa bai rage kyau ba, sai ma laushi da ya ƙara.

Bayan ziyarar nan da kamar wata uku, kawu ya aiko mini da wani tsohon luru daga cikin adakarsa, fari mai ratsin baƙi da ja, wanda ya ce ya girme ni. Na shimfiɗa su gefe da gefe. Lurun ya fi kauri, saƙarsa ta fi matsewa, kuma na sa farce na nemi zaren da zan ɗaga ban samu ba. Ana ganin ɗinkin da ya haɗa shi, ana kuma ganin wuraren da abawar ta yi kauri da inda ta sirance a hannun mai kaɗi. Ba shi da rana ko tukwane, kuma babu sunan kowa a jikinsa, amma kawu ya gaya mini sunan masaƙin da unguwarsu ba tare da ya tsaya tunani ba. Yanzu lurun yana ƙarshen gado domin daren Janairu, bargon tukwanen kuma yana hannun doguwar kujera ta gefen da rana ba ta kaiwa da la'asar.